A Kashe Shi da Ruwa

Zuwa ga 'Yar Toka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in an yi sanyi, sai kuma kunnuwana da injin buga bulo ya gama da su. Shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. In aka kira ni a waya sai dai in yi ta cewa "to, to", ko da zagina ake yi.

In kin manta ni, ni ne Mai Bulo, ɗan Gwaggonki, wanda ya tsamo ki daga tokar murhu kina rarrafe, har sunan ya bi ki. Kakanki da baban Inna uwa ɗaya uba ɗaya ne, a maƙera ɗaya suka tsufa. Ke nan ni taubashinki ne, ina da ikon tsokanarki har a takarda. An ce zumunta a ƙafa take, to tamu yanzu ta koma tayar mota, don Direban tirelar da ke ɗauko rodi daga kamfaninku abokina ne, shi zai miƙa miki wannan.

Shi ne ma ya kawo mini labarin da ya hana ni sukuni. Wai duk bokon nan da kika yi, kin ƙare a kwasar kashin maƙera! Na yi dariya har na zauna a kan ɗanyen bulo. Sai ya ce in bar dariya, wai da dattin ƙarfen nan kuke yin siminti, kuma yana kamawa. Na gaya wa Inna da ihu, don ni a zatona kowa kurma ne. Ta ce ita da ta share kashin maƙera tana yarinya har hannunta ya yi kanta, ba ta taɓa jin ya yi wa kowa rana ba.

Ga dalilin tambayata. Ɗakin Inna ya gaji. Bangon gabas ya karkata, na tokare shi da katako, rufin kuma in ana ruwa sai an jera kwanuka. Na yi mata alkawarin sabon ɗaki kafin damina. Ki dubi abin kunya, mai buga wa gari bulo, uwarsa na kwana a ɗakin da aka tokare. Siminti kuwa ya fi ƙarfina bana, wanda nake samu na aikin mutane ne. Don Allah ki gaya mini gaskiyar abin nan, yaya kuke yin sa?

Inna na gaishe ki. Ta ce ko kin yi ƙiba.

Taubashinki,
Mai Bulo

*

Yaya Mai Bulo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a bakin get, ina dariya ni kaɗai har mai gadi ya tambaya ko lafiya. Allah Ya ba Gwaggo sauƙin ƙafa, kai kuma Ya bar maka ragowar kunnen. Ka gaya mata ban yi ƙiba ba, zafin tanda ba ya barin mutum ya ajiye tsoka. Ni ma waya ba ta yi mini rana a nan, tun daga get ake kulle ta a akwati sai an tashi.

E, kashin maƙera nake kwasa, kuma da alfaharina. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bambancina da kakanninmu, nasu ana sharewa da tsintsiya, namu da katafila ake turawa. Duk lokacin da aka narka ƙarfe, dattin yana tasowa sama, a tsiyaye shi gefe. A da zubarwa ake yi bayan kamfani, ya taru ya zama dutse guda, ko ciyawa ba ta fita a kansa.

Ka san simintin da kake saye, sai an gasa dutsen farar ƙasa da wuta mai tsanani kafin a same shi. Wutar na fitar da hayaƙi, dutsen kansa na fitar da wata iska, su ne ke taruwa a sama suna ƙara wa duniya zafi. Shi kuwa kashin nan ya riga ya sha wutarsa a tanda, ba ya bukatar wata. Duk buhun da muka yi da shi, mun rage gashin dutse ke nan. Wannan ne aikina, kuma wallahi Yaya yana hana ni zama wuri ɗaya.

Da za ka ga ɗakin gwajinmu da ka ce gidanka ne. Kwamin ruwa a jere, cike da 'yan ƙananan bulo masu kusurwa huɗu, kowanne da lambarsa. In lokacinsu ya yi sai in tsamo, in sa a bakin wani inji ya matse har ya fashe, in duba nauyin da ya ɗauka. Kai kana buga bulo don ya tsaya, ni ina bugawa don in fasa. Na farkon da muka yi, da yatsa ma ana murƙushe su, Oga ya daina amsa gaisuwata. Yanzu kuwa injin sai ya yi nishi kafin su ba da kai.

Yadda ake yi ba wani tsafi ba ne. Sirrin duka wuri ɗaya yake, a kashe shi da ruwa. In an kashe shi sai a shanya, a niƙa ya fi hoda laushi, a haɗa kashi bakwai nasa da kashi uku na siminti. Yana jinkirin kamawa, amma in ya kama ya kama ke nan.

Maganar ɗakin Gwaggo ta tsaya mini a rai. In gwaji ya kammala zan roƙi Oga ya ba ni buhuna in aiko maka. Ga ƙararrawa can, za a buɗe tanda, dole in ruga.

Taubashiyarka,
'Yar Toka

*

'Yar Toka,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar Inna ta lafa. Ina fata tanda ba ta ƙarasa soye ki ba.

To Injiniya, riƙe kujerarki. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ban gaya miki ba a takardar farko, don ina so in ba ki mamaki. A bayan garinmu akwai wata 'yar masana'anta da ke narka tsofaffin ƙarafa, kuma kashinsu na nan jibge bakin hanya, baƙi ƙirin, kullum ina wucewa ina tsaki. Da na je tambaya, manajan har rako ni ya yi, ya ce in kwashe duka in na ga dama.

Jiran buhunanki ba zai yiwu ba, gajimare ya fara haɗuwa da yamma. Sai na bi takardarki layi-layi. Kin ce a kashe shi da ruwa. Na baje shi a fili, na sa tiyo, na yi ta ba shi ruwa safe da yamma kamar yadda muke kashe ƙura kafin a fara aiki, har ya yi sharkaf. In dai ruwa na kisa, to wannan ya mutu murus. Na shanya, na kai wa mai injin fasa dutse ya niƙa mini, ya yi ta ƙorafi wai zan cinye masa haƙoran inji. Na tankaɗe, na haɗa bakwai da uku yadda kika ce.

Ki zo ki ga bulo! Launinsa ya fi na kullum duhu, gefensa kamar an yanka da wuƙa. Ya yi jinkirin kamawa, amma kin riga kin faɗa, ban damu ba. Masu wucewa suna tsayawa suna taɓawa, har wani ya ce in buga masa. Na ce a'a, sai uwata ta fara shiga nata.

Gini ya kai taga. Ni da birkila muke yi, Inna na zaune a inuwa tana ba da umarni, ta ce a sa tagar inda za ta riƙa ganin ƙofar gida. Duk wadda ta shigo sai ta gaya mata, "Ɗana ke ginawa, 'yar ɗan'uwana ta ba da ilimin, kashin gidanmu ne." Rabon da in ga haƙoranta a waje haka har na manta.

Ki ajiye buhunanki, Allah Ya hutar da ke roƙon Oga.

Naki,
Mai Bulo

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kowa lafiya. Yanzu Direba ya ba ni takardarka, kuma ya riga ya tada mota, a kan bonet nake rubutu.

Ka tsaya! Kashinka ba irin namu ba ne. Naka ba a kashe shi ba, da ransa. Kada ka sa Gwaggo a ɗakin nan. Ka dakatar da ginin har in rubuto maka dalla-dalla. Na kira lambar da Direba ya ba ni ba ta shiga, ka kunna wayarka, ka ba wani mai kunne ya riƙe.

'Yar Toka

*

'Yar Toka, sarkin kishi,

Assalamu alaikum. Muna nan ƙalau, ina fata ke ma haka. Guntuwar takardarki ta iso bayan an gama rufi, Direba ya biya ta wani gari ya yi kwanaki.

Kai, yarinyar nan ba ki da dama! "Kashinka ba irin namu ba ne." Na karanta wa birkila, dariya ta sa ya saki cokalin gini. Wato har kashi ma na 'yan boko daban ne? Wai nawa da ransa. To in da ransa ai sai ya tashi ya taya ni ɗaukar bulo. Na san ciwon, kun shekara kuna fasa 'yan bulo a ɗaki mai fanka, ga wani kurma ya gina ɗaki sukutum da tiyo ɗaya. Ki yi haƙuri, ba zan gaya wa Oganku ba. Na karɓi tsokanar, kin ci wannan, saura ramuwa.

Maganar waya kuwa, ta faɗa kwamin jiƙa bulo tun ana aza tubalin farko. Ban yi asarar komai ba, dama ba jin ta nake yi ba.

Inna ta tare. Na yi mata shafe ciki, na sa ƙofar ƙarfe, gadonta na jikin bangon yamma, akwatinta a ƙarƙashi, masabar ƙira ta babanta da ba ta rabuwa da ita tana rataye a ƙusa. Tsohon ɗakin na rushe shi washegari, don kada ya faɗa wa wani, na zuba yashi a wurin. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba. Da safe na same ta ta tara kwanukan tarar ruwan nan ta wanke, ta ce in kai wa mabukata.

Abu ɗaya zai ba ki dariya. Wai bangon yana mata magana. Ta ce tun da aka fara ruwa take jin ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Na kafa kunne a bango, ni da ko tsawa sai na ga walƙiya nake sanin an yi. Na ce, "Inna, gaishe ki yake yi, ya ga 'yar maƙera." Na yi dariya, ita ma ta yi, ba ta sake tada maganar ba. Tsufa ke nan, kunnenta ya fi na kowa amma har abin da babu yana ji.

In kin samu hutu ki zo ki ga ɗaki, gani ya kori ji.

Taubashinki da ya riga ki,
Mai Bulo

*

Yaya Mai Bulo,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ku lafiya, kai da Gwaggo. Ni lafiyar jiki ce kawai gare ni.

Na ajiye wasan taubasai a gefe. Na rantse da Allah babu tsokana ko ɗaya a cikin abin da zan faɗa. In ka ga wani layi ya yi kama da wasa, ka sake karanta shi.

Ka fitar da Gwaggo daga ɗakin nan yau. Kafin ka gama karanta takardar ma, ka fitar da ita, sannan ka dawo ka ƙarasa.

Da na ce a kashe shi da ruwa, ba jiƙawa nake nufi ba. A wurinmu, kashin yana fitowa daga tanda a narke, ja wur, yana gudu kamar ruwa. A daidai lokacin ake sakar masa ruwa mai ƙarfi, ya yi ƙara, tururi ya tashi, wutar ta mutu nan take. Sai ya zama yashi mai ƙyalli kamar garin gilashi. Wannan yashin ne ke kamawa in an niƙa. Kullum "kashewa" muke ce masa, bakina ya saba, har na manta wanda bai taɓa tsayawa gaban tanda ba zai ji wani abu daban. Na san kai mai kashe ƙura ne, da na tsaya na yi tunani da na gane.

Wanda ya huce da kansa a bakin hanya dutse ne kawai. Ko shekara ka yi kana ba shi ruwa ba zai zama siminti ba. Ke nan abin da ke riƙe da ɗakin Gwaggo kashi ukun nan na siminti ne kaɗai. Wannan ma da sauƙi. Irin na masu narka tsofaffin ƙarafa yakan zo da ƙwayoyin farar ƙasa a ɓoye a cikinsa, waɗanda ba su gama shan ruwa ba. In damshi ya kai gare su a hankali sai su kumbura, su tura bulon daga ciki. Abin da nake nufi da "da ransa" ke nan. Ƙas, ƙas ɗin da Gwaggo ke ji gaskiya ne, Yaya. Bulo ne ke fashewa, kuma kowane ruwa da aka yi ƙara masa ƙarfi yake.

In ba ka yarda ba, ka gwada da idonka. Ka ɗauki bulo ɗaya cikin ragowar, ka sa a rabin duro, ka cika ruwa, ka hura wuta ya yi ta tafasa. Zafi na gaggauta abin da damina ke yi a hankali. Amma Gwaggo na waje za ka yi gwajin.

Na je wurin Oga neman izinin tafiya. Ya ce masu duba ingancin simintinmu suna hanya, ni ce mai fasa bulon a gabansu, in na tafi aikin mutum goma ya tashi a banza. Na fito na tsaya gaban kwamin ruwa ina kallon 'yan bulona, na ji na tsane su. Yau sau biyu ina maimaita lamba ɗaya a inji, don hankalina na wurinku.

Na zo tashar manyan motoci, an ce motar Direba ta lalace a hanya, tana garejin wani gari. Takardar na jakata. Na roƙi lambarsa a tashar na kira shi, ya ce shi ma ba ya da kowa a unguwarku sai kai.

Na sake dawowa tashar, har yanzu babu motarsa. Sama ta yi baƙi a nan, ban san ko haka take a wurinku ba. Duk wanda ya ce mini "an yi ruwa mai albarka" sai in ji kamar in rufe shi da duka.

Ƙanwarka,
'Yar Toka

*

Yaya,

Sallama. Lafiya ko ba lafiya ba, ka rubuto mini layi ɗaya.

Waccan takardar na ba wani direban tanka da ya ce yana bi ta garinku, na kwatanta masa filin bulonka, na ce ya tambayi kurma. Ban sani ba ko ya kai, ko tana nan cikin aljihun motarsa. Wannan kuma Direbanmu ne zai kawo, an gyara motar. Na sa shi ya rantse ba zai sauke rodi ba sai ya ga Gwaggo a tsakar gida da idonsa.

In waccan ba ta zo ba, ga ta a taƙaice. Ba wasa nake ba. Bangon zai faɗi. Ka fitar da ita.

Masu dubawa sun zo sun tafi, simintinmu ya ci. Ana ta murna, Oga har ya ce zai ba ni buhunan. Na ce na gode, na shiga bayan ɗakin gwaji na yi kukana. Gobe zan sake neman izini, in ya hana zan ajiye masa hular kwanonsa in taho.

'Yar Toka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki, Inna na da rai, tana da lafiya, ga ta can a ɗakina tana faɗa da matashin kaina wai ya yi tauri. Na fara da wannan don na san ba za ki iya karanta gaisuwa ba. Ni ma lafiya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Mai tanka ya kawo tasa da hantsi, ta yi baƙi da man inji, ya ce ya manta ta ne a ƙarƙashin kujera. Ban bi umarninki ba, ban fitar da ita nan take ba. Na ce bari in gani tukuna. Na ɗora rabin duro a kan murhu, na jefa bulo biyu, na zauna ina jira in rama tsokana. Ruwa bai daɗe da tafasa ba na ga ya yi baƙi. Na sa shebur in ɗago bulo, shebur ya fito da tsakuwa da laka.

Na shiga ɗakin Inna ban ko yi sallama ba. Tana zaune bakin ƙofa a kan 'yar kujera. Sai a lokacin na lura kullum a nan nake samunta, ba a gado ba. Na ga kuma ta rataya tabarma a bangon yamma, saman gadon. Na tambaya, ta ce sanyi. Na kai hannu, ta ce, "Bar mini kayana." Na ɗaga.

'Yar Toka, tsaga ce tun daga ƙasan taga har rufi, hannuna ya shige ciki har wuyansa. Ta cusa tsummoki a ciki, ta bi da tsohon zanenta, don kada haske ya nuna. Shafen duk ya kumbura ya yi ƙuraje.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta matso daidai kunnena, yadda take yi in tana so in ji da gaske. Ta ce, "Na gaya maka sau ɗaya, ka yi dariya. Na ga yadda fuskarka ta yi haske a kan ɗakin nan, sai na ce bari bango ya yi ta maganarsa."

Na ce ta tashi mu fita. Ta ce ba inda za ta. Wai duk unguwa ta gaya wa ɗanta ya gina mata ɗaki, in ta fito da kayanta a ka, wa zai sake sayen bulo a hannuna? Na roƙa, na durƙusa, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Ta juya mini baya. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Ana cikin haka Direba ya iso da takardarki ta biyu, ya ce shi an rantsar da shi. Na ce to ya riƙe mini tsani. Na hau na fara cire kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, daga gefen ƙofa, rana ta faɗo mata a ka. Ta ɗaga kai ta kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina yaro, kuma wallahi wannan na ji shi sarai. Da ta ga rabin ɗaki ya zama fili, sai ta tashi ta ciro masabar babanta daga ƙusa, ta fito tana ɗingishi, ba ta kalli kowa ba. Muka janye gado da akwati.

Na ce wa Direba bari in gwada bangon. Ban ɗauko guduma ba, kafaɗa kawai na sa na tura. Ya tafi gaba ɗaya, ya zube daidai inda filonta yake a da. An ce ƙarar ta kai bakin titi. Ni ban ji ba, ƙasa ce kawai ta motsa a ƙafata. Kin ce in kashe shi da ruwa, saura ƙiris ni da ruwan mu kashe mini uwa.

Kada ki ɗora wa kanki. Kin ce in tsaya, na mayar da ke abokiyar wasa. Ta ce bango na magana, na mayar da ita tsohuwa. Kunnen da injin ya cinye ba shi ne ya cuce ni ba.

Yanzu ita ke ɗakina, ni ina rumfar bulo. Ranar farko ta yi barci har rana ta take, na shiga sau uku ina duba numfashinta. Maƙwabta sun yi ta zuwa kallon kufai, na gaya wa kowa abin da ya faru da bakina, ragowar bulon kuma na farfasa na cike ramin bakin hanya. Wanda zai daina saye a wurina ya daina.

Kada ki ajiye musu hula. Ki karɓi buhunan nan, ki ba Direba, ki rubuto mini yadda ake yi tun daga farko, kamar kina gaya wa kurma, don kurma kike gaya wa. Bulon farko da zan buga, ke za ki fasa shi da injinki kafin in aza na biyu.

Na tambayi Inna ko in yi mata da simintin da kowa ya sani, ko da zai kai baɗi. Ta harare ni, ta ce ita 'yar maƙera ce, ta riga ta gaya wa mutane kashin gidansu ne, ba za ta zama maƙaryaciya da tsufanta ba. Ta ce in gaishe ki. Ta ce kuma in za ki zo, kada ki zo mata da kuka, ki zo da buhu.

Yayanki,
Mai Bulo